Abin da tsofaffin Sinawa suka karanta a jikin ruwa da itace, da inda ya shafe mu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani al'amari da mai karatu zai iya ɗauka ya yi mana nisa, alhali a ganina yana bakin ƙofarmu. Kowace shekara idan damina ta yi nisa, labaran da ke cika jaridu su ne na ambaliya a Garwa da Yagwa da Kusiri da Njamena, idan kuma rani ya kai tsakiya sai magana ta koma ta ƙarancin ruwa da tsadar gawayi da saɓanin makiyaya da masunta. Muna tattauna waɗannan abubuwa kamar masifu ne dabam-dabam da ke faɗo mana ba zato, amma da yawansu tushensu ɗaya ne, wato mun daina duban ɗabi'ar ruwa da ƙasa da itace kafin mu sa musu hannu. Masu hikimar ƙasar Sin da suka rayu ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sun yi dogon tunani a kan wannan, kuma abin da suka bari ya cancanci manomi da masunci da magajin gari na yankinmu su ji shi.

Na san akwai wanda zai ce me ya haɗa Musulmi da maganar mutanen da ba su da littafi saukakke. Amsata ita ce, ba aƙidarsu nake kira a ɗauka ba, lurarsu nake kira a duba. Alƙur'ani mai girma ya yi ta umurtar mu da mu dubi saukar ruwa da tsirowar shuka da sauyawar dare da rana, kuma a cikin Suratur Ra'ad Allah Ya buga misali da ruwan da ke sauka daga sama, kwaruruka su gudana gwargwadon girmansu, kumfa ya tafi a banza, abin da ke amfanin mutane ya zauna a ƙasa. Idan wasu bayin Allah a can gabas sun zauna bakin kogi sun lura da abin da mu aka umurce mu da lura da shi muka yi sakaci, babu laifi mu saurare su, mu ɗauki abin da ya dace, mu bar musu sauran.

Wanda aka fi ambata a cikinsu shi ne Laozi, wanda ake jingina masa ɗan ƙaramin littafin nan mai suna Dao De Jing, mai babi 81. Littafin tsoho ne ƙwarai, domin a shekarar 1993 an tono wasu sassansa rubuce a jikin tsagin gora a wani kabari a Guodian, cikin lardin Hubei, kuma masana sun ƙiyasta kabarin ya kai wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A babi na 8 an ce mafi kyawun hali shi ne irin na ruwa, domin yana amfanar kowane abu ba tare da jayayya ba, kuma yana zama a wuraren da mutane ke rainawa. A babi na 78 an ce babu abin da ya kai ruwa taushi, amma babu abin da ya fi shi iya cin abu mai tauri. A babi na 76 kuma an lura cewa ɗanyen tsiro mai laushi ne, busasshe ne ke da tauri, don haka taurin kai abokin mutuwa ne. Wannan na ƙarshe yana tuna mini da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda aka kamanta mumini da ɗanyar shuka wadda iska ke karkatarwa ta sake miƙewa, aka kamanta munafuki da itacen arzi wanda ba ya ranƙwafawa har sai an tumɓuke shi gaba ɗaya.

Yawancin masu kawo waɗannan kalmomi suna tsayawa ne a kan tawali'u da sanyin hali, kuma wannan daidai ne, sai dai suna manta cewa maganar ta fito ne daga ƙasar da ta daɗe tana fama da manyan koguna masu ambaliya. Sinawa suna da tsohon labari na wani mai suna Gun, wanda sarki ya ɗora wa aikin magance ambaliya, ya shekara 9 yana gina jinga yana tare ruwa, ruwan kuma yana fasa ta. Da ya kasa sai aka ba ɗansa Yu aikin, shi kuwa ya bi wata hanya dabam, ya riƙa yashe koguna yana haƙa magudanai yana buɗe wa ruwa hanya zuwa teku, har shekara 13, kuma an ce sau uku yana wucewa ta ƙofar gidansa bai shiga ba. Wannan labari ne na kunne ya girmi kaka, amma malamin nan Mengzi, wanda ya rayu wajen shekarar 372 zuwa 289 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya fitar da ma'anarsa sarai, inda ya ce gwanintar Yu ita ce ya bi da ruwa ta inda ruwan da kansa yake son bi.

Wanda yake ganin wannan tatsuniya ce kawai, to ya dubi aikin Dujiangyan da ke lardin Sichuan. Wajen shekara ta 256 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani gwamna mai suna Li Bing ya fuskanci kogin Min, wanda ke saukowa daga duwatsu da ƙarfi yana cinye gonakin filin Chengdu. Bai datse kogin ba. Ya gina wani tsibiri mai tsini a tsakiyarsa da dogayen kwandunan gora cike da duwatsu, ya raba ruwan gida biyu, ya sa reshen ciki ya zama mai zurfi da ƙunci, na waje kuma mai faɗi da rashin zurfi. Saboda haka a lokacin rani mafi yawan ruwan yana bin reshen ciki ya tafi gonaki, idan kogi ya cika kuwa sai mafi yawansa ya bi reshen waje ya wuce. Ya kuma bar wata gajeriyar jinga a gefe, wadda rarar ruwa ke tsallakewa ta tafi da yashi da tsakuwa, sannan ya fasa dutse ya yi wa ruwan noma ƙofa, ta hanyar ƙona dutsen da wuta a kwara masa ruwa har ya tsage. Wannan aiki yana shayar da gonaki har yau, fiye da shekara 2,200 bayan yin sa, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000. Ƙa'idar da mutanen wurin suka gada game da kula da shi gajeriya ce: a zurfafa yasa, a bar jinga gajeriya. Kowace shekara idan ruwa ya ja baya sai a fito a yashe.

Yanzu mu dawo gida. A shekarar 1979 aka gina madatsar Maga tare da jingar da ta bi gefen kogin Logon, domin noman shinkafa na kamfanin SEMRY. Babu mai musun cewa shinkafar Yagwa da Maga ta ciyar da mutane, kuma tafkin Maga ya zama wurin kamun kifi. Amma aikin ya tare wani ɓangare na ruwan da ya saba malala kowace shekara cikin faffadar fadamar nan da Fulani ke kira yayre, kuma abin ya zo daidai da shekarun fari. Ciyawa mai daɗewa wadda shanu ke dogaro da ita da rani ta ragu, kifin da ke hayayyafa a cikin ruwan malale ya ragu, namun dajin Waza ma suka ji a jikinsu. Maganin da aka gwada a shekarar 1994, ƙarƙashin shirin Waza-Logon, shi ne buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa da jingar ta toshe, a bar ruwan ya koma inda ya saba zuwa, kuma a wuraren da ya koma ciyawa da kifi sun farfaɗo. Wato an shekara 15 a kan hanyar Gun kafin a waiwayi hanyar Yu, kuma da an tambayi masunta da makiyayan wurin tun farko, da sun faɗi abin da zai faru ba tare da sun taɓa jin sunan wani Basine ba.

Akwai wata magana ta Mengzi da nake so masu mulki su riƙe. Wani mai muƙami da ake kira Bai Gui ya yi masa alfahari cewa ya fi Yu iya sarrafa ruwa, sai Mengzi ya ce masa ya yi kuskure, domin Yu teku ya mayar wurin zubar da ruwa, shi kuwa ƙasashen maƙwabta ya mayar. Duk wanda ke zaune a bakin Binuwai ya san nauyin wannan magana. Madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, wadda wani kamfanin Sin ya gina tsakanin 1977 da 1982, ita ke ba arewacin Kamaru wutar lantarki, amma a shekarun da ta cika aka saki ruwa, kamar 2012 da 2022, 'yan'uwanmu na jihohin Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi a Najeriya sun yi kuka da mu. Adalci shi ne a faɗi cewa ba duk ruwan ne ke fitowa daga Lagdo ba, domin Mayo Kebbi da Faro da wasu koguna suna zuba a Binuwai a ƙasan madatsar, kuma madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a ɓangaren Najeriya ba a gina ta ba. Duk da haka tambayar Mengzi tana nan, kuma ba gwamnatoci kaɗai ta shafa ba. A inda Logon da Shari suka haɗu, duk jingar da aka ɗaga a gefe guda tana ƙara wa ɗaya gefen nauyi, kuma mutanen Kusiri da na unguwannin Walia da Tukra a Njamena sun ga abin da ruwa ya yi a watan Oktoban 2022. A cikin unguwanninmu ma haka abin yake, domin mai hali yakan sayi fili a kan hanyar ruwa, ya cika shi da ƙasa, ya ɗaga dakalinsa, ya jera buhunan yashi, ruwan kuma ya juya ya shiga ɗakin talakan da ke bayansa, sannan a taru a ce ƙaddara ce.

Mengzi bai tsaya a kan ruwa ba. Da Sarki Hui na Liang ya tambaye shi dalilin da ya sa jama'arsa ba ta ƙaruwa, sai ya ce masa kada a ɗauke manoma daga gona a lokacin aiki, kada a bar taru mai ƙananan idanu ya shiga tafki, kada gatari ya shiga daji sai a lokacinsa, in an yi haka hatsi da kifi da katako za su fi ƙarfin buƙata. Wannan magana ta fi shekara 2,300, amma kamar a bakin tafkin Lagdo ko a Darak da ke tafkin Chadi aka yi ta. Wanda ya shiga kasuwar kifi yau zai ga karfasa da tarwaɗa 'yan ƙanana waɗanda iyayenmu za su mayar cikin ruwa, kuma kowa ya san akwai masu su da gidan sauro, wanda aka raba domin kare yara daga zazzaɓi. Da can Sarkin Ruwa ne ke faɗin ranar da za a shiga ruwa da ranar da za a fita, kuma ba a tsallake maganarsa. Ba na zargin masunci mai iyali wanda yunwa ta kora, amma wanda ya kama uwa da 'ya'ya da ƙwai a rana ɗaya ya ci abincin baɗi tun bana.

Misalin da ya fi taɓa ni a cikin maganganun Mengzi shi ne na Dutsen Sa, wato dutsen bijimi. Ya ce wannan dutse da can yana da itatuwa masu kyau, amma da yake yana kusa da babban birni, sai masu gatari suka yi ta sara. Duk da haka hutun dare da raɓa da ruwan sama suna sa kututturan su yi toho, sai kuma a koro shanu da tumaki su cinye tohon, har dutsen ya zama ƙwal, mutanen da suka zo daga baya suka ɗauka bai taɓa yin itace ba. Wanda ya san duwatsun da ke kewaye da Marwa, ko ya ga yadda buhunan gawayi da kurayen itace ke shigowa Garwa kowace safiya daga wurare masu ƙara nisa, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Abin lura shi ne Mengzi ya ce saiwar tana nan da rai, abin da ta rasa kawai shi ne a ƙyale ta. Manoman Maraɗi da Damagaram a Nijar sun tabbatar da haka tun daga shekarun 1980 da abin da suke kira sassaben zamani, inda manomi ba ya ƙone duk tohon da ya fito a gonarsa, sai ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture ya bar su, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi. Ta wannan hanya miliyoyin itatuwa suka dawo ba tare da an sayi dashe ko an ɗauki ruwa a jarka ba. Mu ma muna da shaida a ƙasar Tupuri da Masa, inda ake barin gawo a tsakiyar gona, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa dawa rana da taki, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Ba na raina dashen dogon yaro da aka yi a shirin dashen itatuwa na Sahel Vert, domin inuwar titunan Marwa shaida ce, amma sau da yawa muna bikin dasa ɗari a gaban manyan baƙi, muna barin dubu da Allah Ya riga Ya tsirar awaki su cinye.

Sai dai Mengzi ba don itace ya kawo misalin ba, don zuciyar mutum ya kawo shi. Ya ce mutumin da aka ga ya lalace, kada a ce haka aka halicce shi, domin alherin da ke cikinsa an yi ta sara ne kullum, duk tohon da ya yi da dare kuma abin da ke faruwa da rana ya cinye shi. Ina tuna wannan duk lokacin da na ji ana cewa samarin da ke shan tiramol a tashoshin mota ba su da sauran amfani. Yaron da aka fitar daga makaranta saboda kuɗi, aka kore shi daga wurin koyon sana'a, aka zage shi a gida, kowane ɗan yunƙurin gyara da ya yi aka yi masa dariya, ba abin mamaki ba ne ya zama kamar wancan dutse, kuma mu da muka riƙe gatarin bai kamata mu fi kowa saurin yanke masa hukunci ba.

Za a iya cewa duk wannan kira ne zuwa ga zaman jiran tsammani, kuma wannan suka ce da ta cancanci amsa. Mengzi ya ba da labarin wani mutumin ƙasar Song wanda ya ga shukarsa ba ta girma da sauri, sai ya bi ta ɗaya bayan ɗaya yana ja sama, ya koma gida ya ce wa iyalinsa ya gaji domin yau ya taimaki shuka ta girma, da ɗansa ya ruga gona sai ya tarar duk ta bushe. Amma a wuri guda Mengzi ya soki wanda ke barin gona ba noma don yana ganin aikin ba shi da amfani. Laifi biyu ne ke nan, na mai ja da na mai sakaci, kuma aikin kirki yana tsakaninsu. Mai noman masakwa, wato dawar rani, ya san wannan sarai, domin ba ya dasawa sai ruwa ya janye daga laka, amma kafin nan ya yi renon iri, ya share fili, ya tanadi sandar huda rami, kuma idan lokacin ya zo ba ya barci. Mu malaman makaranta da iyaye mun fi kowa buƙatar jin labarin mutumin Song, domin muna tsallakar da yaro aji don a ce ya yi sauri, muna ɗora wa ɗan shekara biyar karatun ɗan shekara takwas, sannan mu yi mamaki idan ya tsani littafi.

Ba duk abin da suka faɗa nake karɓa ba. A babi na 3 na littafin Laozi an shawarci mai mulki ya cika cikin talakawa ya bar su ba sani, kuma wannan magana ce da bai kamata wanda addininsa ya fara da umurnin karatu ya amince da ita ba. Haka kuma mallakar hikima a littafi ba ta hana mai ita yin kuskure, domin Sinawan da suka gaji waɗannan kalmomi su ne a shekarar 1958 suka shelanta yaƙi da gwarare don suna cin hatsi, aka kashe su ba adadi, sai ƙwarin da tsuntsayen ke ci suka yi yawa suka afka wa gonaki, abin da ya ƙara tsananta yunwar da ta biyo baya, har aka janye umurnin a 1960. Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka ina cewa wata al'umma ta fi mu hankali. Su ma sun sha wuya a duk lokacin da suka yi wa halitta gaggawa, kuma sun ci riba a inda suka bi ta a hankali.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne kada jaridarka ta jira sai ruwa ya shiga ɗaki kafin ta aika wakili. A watan Afrilu da Mayu, kafin ruwan farko, a aika wakilai su zauna da dattawan unguwanni a Garwa da Marwa da Kusiri da Njamena, su tambaye su ta ina ruwa ke bi a da, wane kwari aka cike, wace kwalbati ta toshe, a buga amsar da sunayen wuraren domin masu rabon filaye da masu saye su gani. A tambayi sarakunan ruwa da tsofaffin masunta watannin da ake rufe kamun kifi a da da irin tarun da aka hana, a tambayi ardo-ardo inda burtali da mashaya suke kafin a nome su. A kuma riƙa tambayar kowace ƙaramar hukuma ranar da za ta yashe magudanai da kuɗin da ta ware wa aikin, a buga amsar, sannan a koma a watan Yuni a duba ko an yi.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Garwa, Jamhuriyar Kamaru.